Ƙauri a Matsayin Alama: Bambance Matsalar Birki da ta Boris a Tsohuwar Mota

Hausa ta rarrabe abin da hanci ke shaƙa zuwa ƙamshi, wari, ƙarni, hamami da ƙauri. Ƙauri, wato warin abin da ya ƙone, shi ne yake ɗaga hankalin makaniki idan ya taso daga ƙafar tsohuwar mota. Iri biyu ne.

Na farko mai kaifi ne, yana tasowa idan takalmin birki ya ci gaba da guga bayan an ɗage ƙafa, har motar ta riƙa rinjaya gefe guda. Haɗarinsa shi ne tafasar man birki. Sabon samfurin DOT 3 yana jure digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma wanda ya sha danshi kan tafasa a wajen digiri 140, birki ya ƙi kamawa.

Na biyu ƙaurin giris ne, alamar boris ya lalace. Yakan zo da gurnani mai ƙaruwa da gudu. Idan aka ɗaga motar aka girgiza tayar ta yi wasa, to an tabbatar. Sakaci da shi kan kai ga ficewar taya ana tsakiyar tafiya.