Ciwon Baya Mai Naci: Kowane Majinyaci da Irin Jinyarsa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari a lokacin damina, zai ga manoma a duƙe da hauya tun hantsi har azahar. Da rani kuwa aikin kan koma fadama da bakin madatsar ruwa ta Shagari. A irin waɗannan garuruwa, idan ciwon baya ya kwantar da magidanci a lokacin noman farko, to abincin shekara ne yake cikin haɗari.

Shi dai ƙasan baya, wato daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙugu, yana da ƙasusuwa 5 a jere, da wani faifan guringuntsi a tsakanin kowane biyu, sannan tsokoki da jijiyoyi sun ɗaure su. Idan ciwo a wannan wuri ya wuce wata 3, masana kan kira shi mai naci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Abin mamaki shi ne, a wajen kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ita ce sanadi.

Ko hoton asibiti ma ba ya raba gardama. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 waɗanda ba su jin ciwon komai, faifansu ya riga ya fara zaizayewa. Ashe zaizayewar faifai kamar furfura ce, ba lalle ta zama cuta ba. Abubuwan da kan sa ciwon ya daɗe sun haɗa da raunin tsoka, da rashin barci, da damuwa, da kuma tsoron motsi. Mai ciwo yakan kwanta don gudun fama ciwon, tsokoki su ƙara sanyi, ran da ya tashi aiki ciwon ya dawo, tsoron ya ƙaru.

Saboda haka ne likitocin gashi da motsa gaɓoɓi, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kan fara da tambayoyi. Wace sana'a majinyaci yake yi? Wane motsi ne yake tayar da ciwon? Me yake tsoro? Manomin Shagari da ya daina sunkuyawa, za a koya masa sunkuyon a hankali, a ƙarfafa masa tsokokin ciki da na cinya, ya fara da kunya kaɗan yana hutawa, sannan ya riƙa ƙarawa. Ɗan acaɓan Boɗinga da ke wuni a kan babur kuwa, tafiyar ƙasa da miƙe jiki yake bukata. Matar da daka da ɗibar ruwa suka gajiyar, a rarraba mata aikin. Ciwo ɗaya, jinya uku.

An jarraba irin wannan tsari a ƙasar Hausa. Masu bincike daga Jami'ar Bayero sun tara mutum 120 a Tsakuwa ta ƙaramar hukumar Dawakin Kudu a Kano, suka kasa su uku: wasu aka ilmantar da su game da ciwon, wasu aka ba su atisayen tsoka, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun har mako 8. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi waɗanda aka ilmantar kawai samun sauƙi. A shekarar kuma mujallar Lancet ta kawo gwajin mutum 492 a Ostareliya, inda jinyar da aka tsara wa kowa daidai da rayuwarsa da tunaninsa ta fi jinyar da aka saba, kuma amfaninta ya ɗore har bayan shekara guda.

A Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai naci. Ta amince da ilmantarwa, da atisaye, da tausa, amma ta ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu ko ƙwayoyi dangin tiramadol.

Sai dai ba kowane ciwon baya ake bi da atisaye ba. Idan ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Idan ƙafafu suka yi sanyi, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, to a garzaya asibiti a ranar.

Ɗalibin da ya karanta wannan yana da saƙon da zai kai gida: doguwar kwanciya ba magani ba ce, kuma atisayen da ya yi wa maƙwabci amfani ba lalle ya dace da mahaifinsa ba. A nemi masani ya duba, a bi tsarin da haƙuri na makonni. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.