Sunan mota ba ya hana taya fashewa

Duk wanda ya saurari cinikin mota a Sabon Birni ko Isa ya san hirar ba ta wuce suna: Toyota ba ta mutuwa, Golf ta fi jure ramuka. Za a saurari kukan inji, a shafa fenti, amma da wuya mai saye ya durƙusa ya karanta abin da ke jikin taya. Alhali nauyin mota da fasinja da buhunan gero duk a kan wurare huɗu yake zaune, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Babban suna bai taɓa zama lamuni ba. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan shida da rabi a Amurka, yawancinsu a jikin Ford Explorer, saboda bayan tayar ya riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motoci na kifewa da mutane. Ford ya ce laifin taya ne, Firestone ya ce iskar da Ford ya ƙayyade ta yi kaɗan. Haɗurran kuwa sun fi yawa a jihohi masu zafi. A nan gida, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan taya ta fashe a jikin Lexus. Ba tsohuwar motar haya ba ce.

Zafi ne ke kashe taya, kuma ƙasar Gobir ba ta rasa shi ba, tunda a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Wasu direbobi sukan rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe, nan kuwa suka yi kuskure. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, sai ta ɗau zafi daga ciki har robar ta rabu da wayar da ke riƙe ta. A ɗora mata lodin ranar kasuwa da gudu, to an gama. Adadin iskar da ya dace galibi yana rubuce a bakin ƙofar direba, kuma da safe ake auna shi da geji kafin a tashi, ba da bugun ƙafa ba. Shekarun taya ma a jikinta suke: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko da ajiye take a shago, komai kyan zanenta.

Direba zai ce sabuwar taya ta fi ƙarfin aljihunsa, kuma gwanjon Turai ta fi sabuwar jabu. Akwai gaskiya a ciki. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas, kasuwa ta koma hannun kayan waje, nagari da na banza. Sai dai gwanjo taya ce da wani ya riga ya yar, wasu ma don ƙanƙara aka yi su, shi ya sa doka ta hana shigo da ita. Araha ba ta ado, balle a hanyar Gundumi, inda a halin tsaron da ake ciki babu mai son tsayawa neman jak da safaya. Mai cewa ƙaddara ce kuwa, ai ko shi ba ya fita da motar da ba ta da burki.

Shugabannin ƙungiyar direbobi, ku sa a duba lambar taya da iskarta kafin mota ta shiga layi. Kai kuma fasinja, in ka ga gefen taya ya tsattsage ko ya kumbura, haƙura ka jira ta gaba.