Gwajin likita a neman ƙaura zuwa Kanada: yaushe ya kamata a yi shi?

Duk wanda ke haɗa takardun ƙaura zuwa Kanada, daga Garwa yake ko daga Injamena ko Damagaram, akwai ranar da zai tsaya gaban likita. Galibin masu nema tsoron abin da gwajin zai nuna suke yi. Amma abin da ya fi jawo musu asarar kuɗi da lokaci shi ne ranar da suka yi gwajin.

Sakamakon gwajin likitan ƙaura na Kanada wata 12 kawai yake aiki, kuma ana fara ƙirga watannin ne daga lokacin gwajin, ba daga ranar da biza ta fito ba. Takardar tabbatar da zaman dindindin da ma'aikatar ƙaura ta Kanada, IRCC, ke bayarwa tana ɗauke da ranar ƙarewa, wadda yawanci ake ɗaurawa a kan ƙarewar gwajin ko ta fasfo, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan idan an yi wa mutum gwaji a watan Maris, aka amince da buƙatarsa a watan Janairu, to saura masa kamar wata biyu ya sayar da abin da zai sayar, ya sallami wurin aiki, ya samu tikitin jirgi, ya sauka a Kanada. Idan kuma shekarar ta cika ba a yanke hukunci a kan dosiyensa ba, ana iya cewa ya sake gwajin, ya sake biya daga aljihunsa. Kuɗin gwaji ba ya dawowa ko da an ƙi ba da bizar.

Shi ya sa gaggawa ba ta da amfani a nan. Akwai masu jin cewa da zarar sun fara tunanin tafiya gara su gama da likita su huta. Wanda ya yi haka tun kafin a gayyace shi ya shigar da takardu, watanninsa yake ƙonawa a banza.

Lokacin da ya dace ya danganta da hanyar da mutum ya bi. A yawancin hanyoyin zaman dindindin, kamar ta mijin da ya ɗauki nauyin matarsa, sai an shigar da takardu tukuna IRCC ta aiko da umarni tare da fom mai lamba IMM 1017, kuma daga nan kwana 30 ake ba mutum ya je gwajin. A tsarin Entrée express, wanda ma'aikata masu jin Faransanci ke yawan bi, dokar ta canja sau biyu cikin shekara biyu. Daga Oktoban 2023 an ce a jira umarni. Daga 21 ga Agustan 2025 aka koma ga yin gwajin kafin shigar da takardu. Wanda aka gayyata yana da kwana 60 ya kammala dosiyensa, kuma cikin waɗannan kwanakin ne zai ga likita, ya karɓi takardar shaidar an yi gwajin, ya haɗa ta da sauran takardunsa. Ɗan'uwan da ya tafi a 2024 zai rantse cewa shi bai yi gwaji ba sai da aka ce ya yi. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ta shekararsa ce.

Ɗalibai ma abin ya shafe su. Wanda zai zauna fiye da wata 6, kuma ya fito daga ƙasar da ke cikin jerin waɗanda Kanada ke neman gwaji daga gare su, dole ne ya yi, kuma yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna cikin jerin. Ɗalibi yana da damar yin gwajin kafin ya shigar da buƙatarsa, abin da kan rage jira. Amma in makaranta ta ɗage masa shiga zuwa wani zango, ya duba ko watanni 12 ɗin za su kai shi ranar tafiya.

Ba kowane likita ne ke yin wannan gwaji ba. Sai wanda IRCC ta amince da shi, wanda a takardun Faransanci ake kira médecin désigné, kuma sunayensu na shafin ma'aikatar ƙasa-ƙasa. Takardar likitan unguwa, komai ƙwarewarsa, ba ta shiga. Waɗannan likitoci galibi a manyan birane suke, kuma a nan kwana 30 ke zama kaɗan. Mutumin Marwa sai ya gangaro Ngaundere ya kama jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Na Damagaram yana da tafiyar kusan kilomita 900 kafin Yamai. Ga neman ranar ganin likita, ga masauki, ga yara in da su za a tafi. Dokar ba ta tilasta wa mutum yin gwajin a ƙasarsa ba, don haka wanda ke bakin iyaka yana iya duba likitan da ya fi kusa da shi a maƙwabciyar ƙasa. Likitan kuma ba shi ke cewa an ci ko an faɗi ba. Aika sakamako yake yi, IRCC ta yanke.

Gwajin kansa ya ƙunshi duba jiki da tambayoyi kan tarihin lafiya, da hoton ƙirji, wato radiyo, ga masu shekara 11 zuwa sama, da gwajin jini na ƙanjamau da tunjere ga masu shekara 15 zuwa sama. Hoton ƙirjin ne ke yawan rikita lissafi. Idan aka ga tabo a huhu, ko da na tsohon ciwo ne da ya warke, za a nemi kaki sau uku don binciken tarin fuka, kuma renon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji yakan kai mako takwas. In ta tabbata akwai cutar, sai an sha magani na aƙalla wata 6 kafin dosiye ya motsa. Wanda ya taɓa jinyar tarin fuka ya tafi da tsofaffin takardun asibitinsa da hotunansa. Mai juna biyu kuma tana iya jinkirta hoton har ta haihu, amma jinkirin zai riƙe takardun iyalin, kuma jaririn ma sai an saka shi cikin dosiyen an duba shi.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan tsada. A neman zaman dindindin, mata da 'ya'yan da ke ƙarƙashin mai nema dole ne a ambace su a kuma duba su, ko da ba za su tafi tare da shi ba. Magidancin da ya bar yaro a wurin kakarsa a ƙauye, ya ce tunda ba da shi za a tafi ba babu buƙatar wahalar kai shi birni, yana iya rasa damar ɗauko yaron nan gaba.

Sauran ƙasashe kowace da nata agogon. Takardar gwajin tarin fuka da Ingila ke nema wata 6 take aiki. Gwajin bizar ƙaura ta Amurka shi ma wata 6 ne, wani lokaci 3 ga masu matsalar huhu, kuma akan yi shi bayan an samu ranar ganawa da jami'in ofishin jakadanci. A Faransa kuwa hukumar OFII ce ke kula da gwajin, kuma da yawa sai sun sauka ƙasar ake kiran su.