Yini Ɗaya a Bakin Tekun Ankara

Bahaushen Nima ko na Sabon Zango a birnin Akra, idan ya yi baƙo daga arewa, ba ya barinsa ya koma gida sai ya kai shi ya ga teku. Amma kafin su fita sai ya duba ranar. In Talata ce, a ɗage tafiyar, domin masuntan ƙabilar Ga, masu asalin birnin Akra da Hausawan zango ke kira Ankara, ba sa shiga ruwa ranar Talata. Rana ce da al'adarsu ta keɓe wa Nai, abin bautar da suke dangantawa da teku, kuma har gobe akwai babban limaminsa na gargajiya, Nai Wulomo. Yawancin masuntan yanzu Kiristoci ne, duk da haka dokar tana nan daram, wanda ya karya ta sai ya gurfana gaban sarkin masunta. Ranar sai ka tarar da jirage a kan yashi, maza zazzaune a inuwa suna ɗinkin taru.

Wani tela ɗan Nima da abokinsa ya zo masa daga Kano, Laraba suka zaɓa. Bayan koko da ƙosai suka hau tiroto, ƙaramar motar haya ta Gana, suka sauka Jamestown.

Abin da ido ke fara gani shi ne hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin wata ta 1871. Kusa da ita ga James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, gaba kaɗan kuma Ussher Fort na mutanen Holan, na 1649. Duka biyun an tsare bayi a cikinsu, daga baya suka zama gidajen yari. Baƙon bai daɗe a nan ba. Hankalinsa na ƙasa, inda ɗaruruwan kwalekwale suka cika gaɓa da tutoci kamar ranar hawan salla.

Kwalekwalen nan ba irin na kogin Haɗejia ba ne. Gindinsa gungume ɗaya ne da ake sassaƙowa daga dazuzzukan tsakiyar ƙasar, a kawo shi gaɓa a ƙara masa katakai ta gefe, a ɗaura masa inji. Da Bakanon ya tambayi sunan itacen aka ce masa "wawa", sai ya kwashe da dariya, ya ce shi dai ba zai ba wawa amanar ransa a tsakiyar teku ba. Sunan ke nan a Gana, a Nijeriya kuwa obeche ake ce masa, itace marar nauyi mai sauƙin sassaƙa. Kowane jirgi da fentinsa da takensa a jiki: wani ayar Baibul, wani habaici ga maƙiya, wani tutar ƙungiyar ƙwallon Ingila. Duk wanda ya saba karanta bayan manyan motocin arewa ya san irin wannan zance.

Suna tsaye wani jirgi ya iso daga kwanan ruwa. Nan da nan samari suka yi caa, aka shimfiɗa gungumai a ƙarƙashinsa, mutum ɗaya na bayar da waƙa saura na amsawa, duk amshi sai a ja. Telan ya cire takalmi ya naɗe wando ya kama igiya, ya waiwayo ya ce, "Malam, zo mana, a nan ba a kallo kyauta." Al'adar ita ce duk wanda ya sa hannu a ja yana da 'yan kifayensa, ko ba a san daga inda ya fito ba. Bakanon ya sami guda huɗu, ya kuma sami jiƙaƙƙen kaftani, don igiyar ruwa ta mare shi har ƙugu.

Daga nan sai harka ta koma hannun mata. Namiji ke shiga teku, amma mace ke yanka farashi. Manyan dillalan kifi mata ne, sau da yawa su ke bayar da kuɗin mai da na abincin tafiya, wasu ma su suka mallaki jirgin da injin, saboda haka kamun na shigowa su ke da haƙƙin fara saye. Da kwano ko akwati ake awo. Idan an fitar da kuɗin mai, sai a raba saura tsakanin mai kayan aiki da ma'aikatan jirgi. Kakar kamun kifi daga Yuli ce zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ya kawo ƙananan kifayen sadin. Sai dai kamun ya ragu ƙwarai, masunta na ɗora laifin a kan manyan jiragen da ke share ƙananan kifi, har a 2019 gwamnati ta rufe wa masu kwalekwale teku na wata guda. Gaɓar ma ba ta da kyan gani ko'ina: leda da tsummokaran gwanjo da ruwan tafkin Korle ke kwasowa daga cikin gari sun cakuɗe da yashi.

Daga gaɓar suka nufi Chorkor, wadda hayaƙinta tun daga nesa yake shiga ido. A wannan unguwa ce a 1969 aka ƙirƙiro murhun banda da ya ɗauki sunanta, da haɗin gwiwar matan wurin da masu bincike: ginin laka mai kusurwa huɗu, a jera farantan katako masu ragar waya a kansa, ɗaya bisa ɗaya, wuta guda ta gasa su duka. Daga nan bandar ke tafiya Kumasi da Tamale da Bolgatanga. Wata dattijuwa da ke juya faranti ta dubi hular baƙon ta ce "Alaji", ta karɓi kifayensa huɗu ta gasa masa ba ta karɓi ko sisi ba.

Da su suka ci komi, wato dokunun Ga, tuwon masara mai tsami da ake dafawa a cikin ɓawon masara, ga yajin shito baƙi wuluk a gefe. Kaguwa ce kawai baƙon ya ƙi taɓawa, duk da telan ya tuna masa cewa a Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Ya ce ya ji, amma ido ma yana da nasa hukuncin.

Da la'asar suka bi ta Bukom, unguwar da ta yi suna da dambe, inda Azumah Nelson da Ike Quartey suka taso. A wani fili yara biyu na gwabzawa da safar hannu da ta fi kawunansu girma. Telan ya so su ƙarasa Teshie, inda tun shekarun 1950 kafintoci irin su Kane Kwei suka fara yi wa masunci akwatin gawa mai siffar kifi ko kwalekwale, amma rana ta yi ƙasa, ga cunkoson motoci. Suka yi alwala a wani masallaci kusa da kasuwar Salaga. Kaftanin ya bushe, gishiri ya bar masa farin zane a daidai ƙugu, baƙon kuma ya cika wata robar ruwa da ruwan teku, ya ce yaransa ba za su yarda da zancen gishirin ba sai sun ɗanɗana.