KA SAN MALAMIN ƊANKA? Magana ga manoman da 'ya'yansu ke karatu a birnin Sakkwato

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya ba da kiwon tunkiya ya san sunan wanda ya ba, ya san gidansa, yana kuma leƙawa lokaci lokaci ya ga ko tana ƙiba. Amma ga abin mamaki, mutum yakan tura ɗan cikinsa makarantar firamare shekara shida cur, bai taɓa gaisawa da malamin ajinsa ba. In ka tambaye shi sunan hedimasta sai ya ce, "Ai sai a tambayi yaron." Wannan shi ne abin da muke so ƙungiyoyinmu na gama kai su duba, musamman waɗanda ke cikin birnin Sakkwato da kewayensa.

Dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu ba ɓoyayye ba ne. Rashin zaman lafiya a gabashin jihar, wajajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya kori iyalai da yawa daga gonakinsu, waɗansu kuwa sun gangaro birni sun raɓa da dangi. Har wa yau akwai manoman fadamar gulbin Rima da na ƙauyukan Wamakko da Kware da Dange-Shuni, waɗanda suka saba aika yaro wurin ɗan'uwa a gari domin karatu. Yaron da ya tashi inda kowa ya san ubansa da kakansa, yau ga shi cikin aji cunkus, ba wanda ya san ko ɗan wane ne. Irin wannan yaro ba ya cewa ya ƙi makaranta. Da fari sai ya koma layin baya ya yi shiru. Sa'an nan ya fara makara. Kafin a ankara yana bakin kasuwa yana dako, a gida kuwa ana tsammani yana aji.

Sakkwato ba baƙuwar malanta ba ce. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da matan garinsu. Abin lura a nan shi ne, jaji ba baƙuwa ba ce ga waɗanda take koya wa, tasu ce, sun san ta ta san su. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, Alhaji Shehu Shagari shi ma malamin makaranta ne, har ya yi hedimasta a Argungu kafin siyasa ta ɗauke shi. A zamaninsu makarantu kaɗan ne, malami kuwa sananne ne a gari. Da aka buɗe shirin UPE a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tanadi, aka ɗauki malamai da gaggawa, ana tura su garuruwan da ba su sani ba. Daga nan mutane da yawa suka fara kallon makaranta a matsayin kayan gwamnati, watau abin da ba na kowa ba.

A nan birnin Sakkwato ne kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE ran 30 ga Satumba 1999. Dokar shirin, ta 2004, ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa uba ko mai riƙon yaro nauyin ganin ya je ya kuma gama. A 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Duk wannan daidai ne. Amma fa doka ba ta san sunan ɗanka ba.

Wanda ya kamata ya san shi shi ne malamin aji, kuma shi ne mutum na farko da za ka nema, ba hedimasta ba. A hannunsa rajista take, shi ke kiran suna kowace rana, shi ke rubuta sakamakon ƙarshen zango. In yaro ba ya gani sosai daga nesa, ko kunnensa yana ciwo, ko yunwa ke sa shi gyangyaɗi, malamin aji ne zai fara lura, in dai ya san akwai mai tambaya. Malamin da ke fama da yara masu yawa ba zai iya bin kowa ba. Ɗan'adam ne, hankalinsa yakan fi zuwa ga yaron da ya san fuskar iyayensa. Wannan ba son kai ba ne, haka zuciya take.

Ka je da safe kafin a shiga aji, ko lokacin tara, kada ka tsinke masa darasi. Ka fara biyawa ta ofishin hedimasta ka yi sallama, domin ba a shiga gida ta bayan mai gida. In ka sami malamin, bayan gaisuwa sai ka ce, "Malam, ni ne mahaifin wane, daga gari kaza muka zo. Ga shi nan amana a hannunka. In ka ga wani abu, a aiko mini." Ka faɗa masa abin da ya kamata ya sani: ko yaron ya yi shekara bai shiga aji ba saboda gudun hijira, ko a wurin gwaggonsa yake zaune, ko a gida Dakarci ko Fulatanci ake yi ba Hausa ba. Wannan magana ba ta kai ta minti goma ba, amma tana iya canza zaman yaro na shekara guda.

Manomi yana da wata magana ta musamman da malami, ita ce ta damina da kaka. Ruwan shuka a ƙasar Sakkwato yakan sauka ne makaranta tana cikin zango na uku, girbin gero kuma yakan faɗo a farkon sabuwar shekarar karatu, daidai lokacin da ake aza harsashin sabon aji. In dole ce ta sa za ka ɗauki yaro kwana biyu, ka gaya wa malam tun da wuri, ya ba shi abin da zai duba. Ɗauke yaro shiru mako uku, sa'an nan a dawo da shi a ce malamai ba sa koyarwa, wannan ba adalci ba ne.

Kada kuma a raina sauran ma'aikata. Maigadi ya san yaron da ke tsallake katanga. Mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta san wanda ke zuwa ba ko kwabo. Su ma a gaishe su. Iyaye mata kuwa su nemi malamai mata, domin akwai abin da yarinya 'yar aji biyar ko shida ba za ta faɗa wa namiji ba, sau da yawa ma abin bai wuce rashin makewayi mai ƙofa ba, amma ya isa ya zaunar da ita a gida.

To, ina aikin ƙungiya? Bayan dokar 2004, Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta umarci kowace makaranta ta kafa kwamitin jama'a mai kula da ita, ban da tsohuwar ƙungiyar iyaye da malamai. A cikinsa akwai hedimasta da wakilan malamai da na iyaye da na mata da na masu sarauta da na addini da masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. Kujera ce da aka ajiye wa jama'a, kuma wanda ya saba riƙe littafin kuɗin ƙungiya da rubuta abin da aka zartar a taro ya fi kowa dacewa da ita. Kwamitin ne ke da bakin kai kuka ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu, daga nan zuwa hukumar SUBEB. Kukan mutum ɗaya yakan tsaya a bakin ƙofa, na kwamiti kuwa a rubuce yake shiga.

Ƙungiya tana iya zaɓen mutum biyu, namiji da mace, su riƙa ziyartar makaranta sau ɗaya a zango a madadin waɗanda aikin lambu ya tsare. Tana iya gayyatar hedimasta taronta ya yi bayani, ya kuma ji. Wanda ya san zafin Sakkwato na watan Afrilu ya san darajar randar ruwa a bakin aji da inuwar dogon yaro a fili, kuma dashen itace da shinge da gadon albasa ko alayyafo a bayan aji duk aikin da manomi ya fi malami iyawa ne. Yaron da ya ga ubansa yana nuna wa 'yan ajinsu yadda ake dashe, ba zai ƙara ɓoye cewa shi ɗan manomi ne ba.

Sai dai a yi hattara da kyauta. Kwandon tumatir da ƙungiya ta kai wa malamai duka a fili zumunci ne. Wanda aka kai gidan malami ɗaya da dare ana gobe jarrabawa kuwa sunansa dabam. Kuma in an yi wa malamin da ka sani canjin wurin aiki, abin da ke faruwa a kai a kai, sai ka sake ɗaukar hularka ka je ka gai da sabon a makon da ya iso.