Ɓarayin Da Suka Sauya Wa Kwamfutoci Hanya

Duk lokacin da mutum ya rubuta sunan wani shafi a intanet, na'urarsa sai ta fara tambayar wata babbar kwamfuta lambar adireshin shafin, domin da lamba take gane hanya. Wannan tsarin shi ake kira DNS, kuma tambaya da amsar kan gudana kafin ƙiftawar ido. Yawanci kamfanin da ya sayar maka da intanet ne ke ba da amsar. To, idan maƙaryaci ne ya zauna a kujerar mai amsawa fa? Tamkar a ɗauki wayarka ne a sauya lambar da ke ƙarƙashin sunan yayanka: sunan yana nan daram, amma in ka kira wani ne zai ɗauka.

Abin da wasu mutane suka yi ke nan daga birnin Tartu na ƙasar Estoniya, tun daga shekarar 2007. Suna da kamfani mai suna Rove Digital, ƙarƙashin jagorancin Vladimir Tsastsin, suka baza muguwar manhajar da aka sa wa suna DNSChanger. Sau da yawa takan zo ne a matsayin wata 'yar manhaja da wai sai an sauke ta kafin bidiyo ya buɗe. Da ta shiga, sai ta sauya saitin kwamfutar, ta mayar da duk tambayoyinta ga manyan kwamfutocin kamfanin da ke New York da Chicago. Tana kuma hana manhajar kariya sabunta kanta, har ta gwada shiga na'urar rarraba intanet ta gida da kalmar sirrin da aka sayo ta da ita, wadda mutane da yawa ba su taɓa canzawa.

Wayon da ke ciki shi ne ba su zari komai daga aljihun mai kwamfutar kai tsaye ba. Talla suka ci. Wanda ya latsa hanyar shiga shafin hukumar harajin Amurka sai ya tsinci kansa a shafin wani kamfanin cike takardun haraji; mai neman iTunes a kai shi wani shagon da ba ruwansa da Apple. A wasu shafukan kuma sukan cire tallar gaskiya su manna tasu. Kowace ziyara da ɗan abin da masu talla ke biya, kuma da haka suka tara aƙalla dala miliyan 14. Mai kwamfutar kuwa iyakarsa ya yi tsaki, ya ɗora laifin a kan sabis.

Kimanin kwamfutoci miliyan 4 suka kamu a ƙasashe sama da 100, kusan 500,000 a Amurka, har da na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA. A watan Nuwamban 2011 'yan sandan Estoniya da hukumar FBI suka cafke mutum shida.

A nan ne aikin ya yi wuya, kuma a ganina nan ne ya fi ban sha'awa. Da an kashe kwamfutocin ɓarayin a ranar, da miliyoyin mutane sun wayi gari ba intanet, domin na'urorinsu ba su san wani wurin tambaya ba sai can. Dole kotu a New York ta ba da izini ƙungiyar Internet Systems Consortium ta kafa kwamfutoci masu faɗin gaskiya a kan adireshin ɓarayin. Wa'adin farko ya ƙare a Maris na 2012, aka ga jama'a ba su gyara ba, aka tsawaita zuwa 9 ga Yuli. Google da Facebook suka riƙa nuna gargaɗi ga waɗanda suka kamu. Duk da haka da yawa suka yi biris, kuma ba a ga laifinsu sosai ba: an sha faɗa musu kada su yarda da saƙon da ke cewa kwamfutarsu ta kamu, ga shi yanzu na gaskiya ya zo da irin wannan kamar.

Ranar 9 ga Yuli aka kashe kwamfutocin wucin gadin, alhali na'urori sama da 200,000 ba a wanke su ba. Wasu kamfanonin intanet suka ci gaba da tallafe abokan cinikinsu na ɗan lokaci, shi ya sa ba a ji kuka sosai ba. Shi kuwa Tsastsin, an miƙa shi ga Amurka, ya amsa laifinsa, a 2016 aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai da wata uku.