Kunne Ya Zama Allo: Sautin Kewaye da Tsadar Kayan Wasa Ga Makafi

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma akwai fagen da ji ne ke riƙe da ragama gaba ɗaya: wasannin kwamfuta na sauti, waɗanda makafi ke bugawa ba tare da hoto ko ɗaya ba. A 2001 kamfanin GMA Games na David Greenwood a Kanada ya fitar da Shades of Doom, wasan harbi da ɗan wasa ke ratsa lunguna yana gane hanya daga amon takunsa da kukan iska, yana gane inda dodo yake daga gurnaninsa. A irin wannan wasa, in sauti ya karkace, duniyar ce ta karkace. Shi ya sa tambayar wace na'ura ake buƙata ta fi nauyi a wurin makaho fiye da mai gani. Cikin shekaru ashirin da ɗoriya amsar ta sauya: an tashi daga lasifika shida da katin sauti mai tsada, an koma kan hedifon da manhaja. Wannan nazari ya duba abin da ya jawo sauyin, da ribarsa da kuma kuɗin da aka biya.

Yadda kunne ke gane wuri

Idan aka tafa hannu a damarka, ƙarar na isa kunnen dama kafin na hagu. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa na auna ta. Kai kuma yana tare wani ɓangare na ƙarar, sai ta isa kunnen hagu da rauni. Da waɗannan alamu biyu ake rarrabe hagu da dama cikin sauƙi. Wahalar tana wajen gaba da baya, sama da ƙasa, domin abin da ke gabanka daidai da wanda ke bayanka daidai duk lokaci ɗaya suke isa kunnuwa. A nan lanƙwasar fatar kunne ke aiki, tana ɗan sauya launin ƙarar gwargwadon inda ta fito. Duk tarihin sautin kewaye ƙoƙari ne na warware wannan matsala guda.

Zamanin lasifika da katin sauti

Dabarar farko ita ce a kewaye ɗan wasa da lasifika. Tsarin 5.1 na da uku a gaba, biyu a baya, da babba ɗaya mai fitar da kauri, 7.1 ya ƙara biyu. Abin da ke baya daga baya za a ji shi, babu ruɗu. Sai dai kwamfutocin ƙarshen shekarun 1990 ba su da ƙarfin yin lissafin inda kowace ƙara za ta fito su kaɗai, don haka aka ɗora nauyin a kan katin sauti. Kamfanin Aureal ya zo da A3D, Creative ya zo da EAX a 1998, wasanni kuma suna magana da katunan ta hanyar DirectSound3D na Microsoft. Mai son cikakken daɗin wasa sai ya sayi kati, ya sayi lasifika, ya sami ɗakin da zai jera su, ya kuma sami wanda zai taimaka masa da wayoyin.

Me ya kawo sauyi

Dalili na farko ya zo ne daga inda makafi ba su da ta cewa. Da Windows Vista ta fito a 2007, Microsoft ta sake gina sashen sauti, ta yanke hanyar da DirectSound3D ke bi zuwa katin. Tsofaffin wasanni da yawa suka rasa zurfinsu, har Creative ta fitar da manhajar ALchemy don yin faci. Masu ƙirƙira suka koyi darasi: kada a gina gida a filin aro.

Na biyu, injinan kwamfuta da na waya sun yi ƙarfin da za su kwaikwayi aikin kai da fatar kunne da lissafi, dabarar da ake kira HRTF. Da ita hedifon mai baki biyu ke sa ka ji abu na zagaya ka. Na uku shi ne wayar hannu. A 2010 kamfanin Somethin' Else na Landan ya fitar da Papa Sangre a iPhone, wasan da bai nemi komai ba sai waya da abin sawa a kunne. Wasan A Blind Legend na kamfanin Dowino a Faransa ya biyo baya a 2015. Daga nan kayan aikin suka zama na kowa: OpenAL Soft kyauta ne, Valve ta saki Steam Audio a 2017, Microsoft ta sa Windows Sonic cikin Windows 10, Sony ta gina injin Tempest cikin PlayStation 5 a 2020.

Ribar da aka samu

Babbar riba ita ce ƙofar ta faɗaɗa. Iyafis mai waya na ɗan kuɗi kaɗan yanzu na iya isar da abin da a da sai lasifika shida. Ƙananan kamfanoni sun sami damar yin manyan labarai, kamar The Vale: Shadow of the Crown na Falling Squirrel a 2021. Manyan ma sun waiwayo: The Last of Us Part II ya zo a 2020 da saituna sama da 60 na sauƙaƙawa, har makaho zai iya kai shi ƙarshe, Forza Motorsport na 2023, wanda marigayi Brandon Cole ya ba da shawara a kansa, yana karkatar da ƙarar inji zuwa ɓangaren da ya kamata direba ya juya. A gasar EVO ta 2023, Sven van de Wege, makaho ɗan Holan, ya ci wasa a Street Fighter 6 a gaban jama'a.

Inda gizo ke saƙa

Kunnuwan mutane ba iri ɗaya ba ne, HRTF kuwa galibi awon kunnen wani ne ko na mutum-mutumi. Wanda awon bai dace da shi ba zai riƙa jin abin gaba a baya. PlayStation 5 ta fara da zaɓi biyar, Apple kuma tun 2022 tana auna kunne da kyamarar waya, amma duka biyun sai mai na'ura mai tsada.

Sai batun jinkiri. Tun da iPhone 7 ta cire ramin hedifon a 2016, wayoyi da dama suka bi sahu, aka tura mutane ga Bluetooth, wanda kan jinkirta sauti da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa. Mai kallon fim ba zai damu ba. Wanda ke kare sarar takobi da kunne ya riga ya faɗi. Haka hedifon ɗin da ake tallatawa da sunan 7.1: idan ya sake sarrafa sautin da wasa ya riga ya sarrafa, sai alamun su cakuɗe, a kashe kuɗi a sayi ruɗani.

Akwai kuma rashin adalci a manyan wasanni: makaho na biyan kuɗin na'ura mai ƙarfin zana hotunan da ba zai gani ba. Dogaro da manhaja ma bai hana wasanni mutuwa ba. Papa Sangre ya ɓace daga shagon Apple, kuma da iOS 11 ta daina karɓar tsofaffin manhajoji masu 32-bit a 2017, wasu wasannin suka bi shi. An gudu ba a tsira ba.

Abu mafi nauyi shi ne lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako. Makaho da ke ƙara murya don ya kamo takun abokin gaba yana caca ne da gaɓar da yake tsallaka titi da ita. Wanda kuma kunnensa ɗaya ne ke ji, sautin kewaye ba ya amfanarsa sosai.

Abin da ya kamata

Kusan kashi 90 cikin 100 na masu larurar gani suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. A Najeriya, binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi sama da miliyan ɗaya cikin 'yan shekara 40 zuwa sama. Matashi makaho a Kano ko Maraɗi ba shi da ɗakin jera lasifika, ba shi da tsayayyiyar wuta. Abin da ke hannunsa ƙaramar Android ce da iyafis. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace mai ƙirƙira ya fara da shi. A sa alamar baya ta bambanta da ta gaba ta hanyar kaurin murya, a ƙara da girgizar waya da sanarwar baki, a bar ɗan wasa ya kashe ko ya daidaita HRTF, a rage tazarar ƙaramar ƙara da babba don kada sai an ƙure murya. Wasan da aka gina haka zai yi daɗi a lasifika takwas, zai kuma bugu a iyafis ɗin kasuwa, kuma ba zai mutu ranar da wani kamfani ya sauya ra'ayi ba.